Asambili a cikin C: wa za ka ba amanar wurin zaman bariyabul?

"Malam, wallahi ban taɓa komi ba. Lamba guda na sa."

Da wannan maganar wani yaro da ke koyon aiki a shagona ya tare ni wata rana cikin watan Maris. Ya haɗa ƙaramar na'ura mai kula da famfon sola, irin wanda masu noman rani ke ba albasa ruwa da shi a fadamar Kwalkwalawa. Ƙaramin guntun kwamfuta mai suna ATmega328P ne a cikinta, wanda ke kan allon Arduino Uno R3. Akwai guntun aiki da ke gudu sau dubbai a daƙiƙa guda, sai ya rubuta shi da asambili, wato umarnin na'ura kai tsaye ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar harshen C don ya rage lokaci. Wata biyu tana aiki lafiya lau. Ranar da ya yi ɗan gyara, famfo ya daina tashi, ɗan gilashin da ke nuna lambobi kuma ya shiga nuna abin da ba shi da kan gado. Mu a Sakkwato idan na'ura ta rikice a wannan lokaci na shekara, zafi muke fara zargi, don haka ya ɓata yini guda yana taɓa kan guntayen allo yana neman wanda ya ƙone. Babu wanda ya ƙone. Ga bariyabul uku, wato gurabe masu suna da ake ajiye ƙima a ciki, da ya rubuta tun farko:

```c
volatile uint8_t mataki;
volatile uint8_t iyaka;
volatile uint8_t fita;
```

A cikin asambilin kuma ya loda adireshin `mataki` a rajistar Z (rajista 'yar ma'ajiya ce mai sauri a cikin guntun kansa), ya karanta `iyaka` da `ldd r25, Z+1`, ya rubuta `fita` da `std Z+2, r24`. Tunaninsa shi ne tunda a jere ya rubuta su, a jere za su zauna a memori. Lambar da ya sa ita ce `iyaka = 200`. Bariyabul da ba a ba shi ƙimar farko ba, ko aka ba shi sifili, yana zama a sashen `.bss`, wanda ake sharewa da sifili kafin `main` ya fara. Wanda aka ba wata ƙima yana komawa `.data`, wanda ake kwafo shi daga filash, memorin da shirin kansa ke zaune a ciki. Wato `iyaka` ya tashi daga unguwar gaba ɗaya. `Z+1` ya koma karanta wani abu daban, `Z+2` kuma yana rubutu a kan kayan da ba nasa ba.

Ƙa'idar C ba ta yi wa kowa alkawarin komai game da wurin zaman bariyabul guda biyu masu zaman kansu ba. Zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba. Kompaila, wato manhajar da ke juya C zuwa harshen na'ura, yana iya jera su yadda ka rubuta, yana iya jera su a juye, yana iya jefar da wanda ya ga babu mai amfani da shi. Bayan ya gama, linka, mai ɗinke guntaye su zama shiri ɗaya, shi ma yana da nasa tsarin. Wanda ya taɓa kai buhunan albasa lodi ya san haka. Ka ajiye uku a jere a ƙasa, amma 'yan lodi ne ke sanin inda kowanne zai kwanta a cikin mota. Idan ka aika wa mai karɓa cewa "na biyun yana jikin na farko", ka yi magana kan abin da ba a hannunka yake ba.

Bariyabul na cikin fankshin sun fi haka wuyar kamawa. A matakin `-O0`, inda kompaila ba ya ƙoƙarin ƙara gudu ko rage girma, za ka gan su a kan sitak, wato memorin ajiyar wucin gadi ta fankshin, har ka iya lissafa tazararsu daga manunin sitak. Da ka koma `-O2` ko `-Os`, yawancinsu ba su da adireshi ma, a rajista suke rayuwa su mutu. Duk asambilin da ya dogara da cewa wani bariyabul na nan a bayit kaza daga manunin sitak, ba ni da shawarar da zan ba mai shi illa ya sake rubutawa. A x86-64 na Linux akwai ƙarin tarko: kompaila na da damar ajiya a bayit 128 da ke ƙasa da manunin sitak ba tare da ya motsa manunin ba, don haka `push` guda a cikin asambilinka na iya murƙushe kayansa.

Maganin da mutane ke fara kai hannu gare shi shi ne zaɓin `-fno-toplevel-reorder` na GCC, wanda ke hana shi sauya jerin abubuwan da ke saman fayil. Littafin jagoran GCC da kansa ya nuna cewa an tanade shi ne don tsofaffin shirye-shiryen da suka riga suka dogara da jeri. Kuma ko da yaron nan ya kunna shi, ba zai cece shi ba, domin zaɓin bai hana `iyaka` ƙaura zuwa `.data` ba. Ban sa shi cikin hanyoyin da zan kwatanta ba. Sauran huɗu ne, kuma abin da ya raba su tambaya ɗaya ce: tsakanin kai, kompaila da linka, wa ya san adireshin, wa kuma zai yi ihu idan ya sauya?

Hanya ta farko ita ce ka janye hannunka daga maganar adireshi ɗungurungum. GCC da Clang suna da salon `asm` mai faɗi, inda bayan umarnin kake lissafa abin da zai fita, abin da zai shiga, da abin da ka ɓata. Kai kana cewa "ina son wannan ƙima a wata rajista", kompaila ya zaɓi rajistar, ya ɗauko ƙimar daga duk inda ya ajiye ta. Aikin yaron nan zai zama haka:

```c
uint8_t m = mataki, k = iyaka, f;
asm ("clr  %0     \n\t"
     "cp   %1, %2 \n\t"
     "brlo 1f     \n\t"
     "inc  %0     \n"
     "1:"
     : "=&r"(f) : "r"(m), "r"(k) : "cc");
fita = f;
```

A nan babu sunan bariyabul ko ɗaya a cikin asambilin, babu `+1`, babu `+2`. Ko `iyaka` ya koma ina, ba ruwanka. Wannan ce hanyar da nake fara gwadawa kullum, kuma mafi yawan lokuta a nan maganar ke ƙarewa.

Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne lissafin lokaci. Ya shiga wannan wahala ne don gudu, alhali a ATmega328P `lds` da `sts`, masu ɗauke da cikakken adireshi, bugu biyu-biyu suke ci, daidai da `ldd` da `std`. Karatu biyu da rubutu ɗaya kai tsaye bugu 6 ne. Ta hanyarsa sai an fara da `ldi` biyu don loda Z, ya zama bugu 8. Idan kuma a cikin katsewa ne, wato aikin gaggawa da ke dakatar da babban shiri, kuma ba a riga an adana r30 da r31 ba, `push` da `pop` ɗinsu sun ƙara wasu 8. A agogo mai gudun 16 MHz kowane bugu nanodaƙiƙa 62.5 ne. Dabarar da ta jawo masa asarar yini ta fi hanyar lafiya jinkiri.

Amma wannan hanya tana da nata sharaɗi, kuma mai tsauri ne: dole ka faɗa wa kompaila gaskiya dukanta, domin ba ya karanta abin da ke cikin asambilinka. Rubutu ne kawai a wurinsa, yana cike guraben `%0` da `%1` ya miƙa gaba. Dubi alamar `&` da ke cikin `"=&r"`. Tana nufin ina rubuta wa `%0` kafin in gama karanta abubuwan shiga. Idan ka cire ta, kompaila na da 'yancin ba `f` da `m` rajista ɗaya, sai `clr` ya goge `mataki` kafin a kwatanta. Abin tsoron shi ne zai iya yin aiki yau, ya lalace bayan wata uku da ka ƙara layi a wani wuri daban. Haka nan idan ka ba shi manuni a rajista, ka bi manunin ka karanta ko ka rubuta memori, kompaila bai san ka yi ba. Ko dai ka sa `"memory"` a jerin abin da ka ɓata, wanda ke tilasta masa ya zubar da duk abin da ya riƙe a rajista zuwa memori ya sake karantowa daga baya, ko ka ƙara abin da ka taɓa a matsayin `"m"` ko `"+m"` don ya san takamaiman wurin. Na biyun ya fi tsafta. Na farkon ya fi sauƙi, kuma a ƙaramin shiri ban cika ganin ya rage gudu yadda za a damu ba. Kalmar `volatile` a kan `asm` ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Ita tana hana a jefar da umarnin ne ko a haɗe shi da wani, ba ta cewa komai kan memorin da ka taɓa.

Inda wannan hanya ke gazawa shi ne idan bariyabul suka yi yawa. Rajistoci ƙidayayyu ne. Idan asambilinka na taɓa abubuwa goma sha biyu, kompaila zai ce maka ba zai iya cika sharuɗɗan ba, ko ya cika su da lode-lode masu cin lokaci. Ga kuma na'urorin ARM, inda adireshi bit 32 ne kuma ba ya shiga cikin umarnin lodi guda, sai an ɗauko shi daban. A can riƙe manuni ɗaya da tazarori riba ce ta gaske.

Nan ne `struct` ke shigowa, kuma ita ce hanyar da na fi son mai koyo ya iya ta sosai. A duk faɗin C, ban da `array`, nan ne kaɗai aka yi maka alkawarin jeri. Mambobin `struct` suna zama bisa jerin da ka rubuta su, adireshi na hawa, kuma na farko yana daidai bakin ƙofa, babu ciko a gabansa. Buhunan sun shiga akwati ɗaya ke nan, 'yan lodi sai dai su ɗauki akwatin gaba ɗaya. Idan ka ba mamba ɗaya ƙimar farko, dukan akwatin ne ke komawa `.data` tare. FreeRTOS, manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci a ƙananan na'urori, na tsaye a kan wannan alkawari: a tsarin da ke riƙe bayanan kowane aiki, `pxTopOfStack` ne mamba na farko, kuma an rubuta gargaɗi a gefensa cewa dole ya zauna a nan, domin asambilin da ke sauya aiki yana karanta shi a tazarar sifili.

Alkawarin bai haɗa da ciko ba. Kompaila na iya saka bayit na banza tsakanin mambobi da kuma a ƙarshe, don kowane mamba ya zauna a sahun da na'urar ke so. Ɗauki wannan:

```c
struct famfo {
    uint8_t  hali;
    uint32_t lokaci;
    uint16_t wuta;
};
```

A AVR babu maganar sahu, don haka tazarorin 0, 1 da 5 ne, girman duka bayit 7. Kai wannan rubutu kan STM32F103, wadda ke kan allon nan da ake kira Blue Pill, sai su koma 0, 4 da 8, girman kuma 12. Bayit biyar ciko ne. Idan ka sake jeri ka fara da `lokaci`, sai `wuta`, sai `hali`, a ARM za ka samu 0, 4 da 6, girma 8. Shi ya sa na saba jera manya a gaba, ƙanana a baya. Amma ko da ka jera da kyau, kada ka rubuta lambar tazara da hannunka a cikin asambili. Bar `offsetof` na `stddef.h` ya lissafa, ka miƙa shi ta gurbi:

```c
asm volatile ("ldd %0, %a1+%2"
    : "=r"(h)
    : "b"(&f), "I"(offsetof(struct famfo, hali))
    : "memory");
```

A avr-gcc `"b"` na nufin Y ko Z, su kaɗai ke karɓar tazara, `"I"` kuma lamba ce daga 0 zuwa 63, iyakar abin da `ldd` ke ɗauka. Kyawun wannan shi ne ranar da tsarin ya girma har wani mamba ya wuce 63, haɗawar za ta tsaya da kuskure a kan teburinka, ba a bakin rijiya a fadama ba. A Cortex-M0+, irin wadda ke cikin RP2040, iyakokin sun bambanta: `ldrb` na kai wa 31, `ldrh` 62, `ldr` 124. Don haka a can, idan tsarin babba ne, mambobi masu bayit guda da asambili ke yawan taɓawa sun fi dacewa da gaba-gaba, wanda ya ci karo da al'adar sa manya a gaba. Sai ka zauna ka auna wanne ya fi maka.

Idan akwai dalilin da ya sa tazara dole ta zama takamaimiyar lamba, ƙulle ta. Tun C11, ƙa'idar shekarar 2011, akwai `_Static_assert`, a C++ kuma `static_assert`. Ga misali da tsarin da muka sake jerawa, mai farawa da `lokaci`:

```c
_Static_assert(offsetof(struct famfo, wuta) == 4, "tazarar wuta ta sauya");
```

Layin nan ba ya cin ko bayit ɗaya a na'ura. Ban san wani abu mai araha kamarsa a wannan sana'a ba, kuma ina jin ciwo idan na ga shirin da ya haɗa C da asambili babu shi.

Bari in tsaya kan `packed`, domin nan mutane da yawa ke faɗawa. Da mutum ya gano ciko, sai ya manna `__attribute__((packed))` ko `#pragma pack(1)` ya ce an huta. Cikon ya tafi, gaskiya ne. Amma yanzu `lokaci` na iya zama a adireshin da 4 ba ta raba shi. Kompaila ya san haka, don haka idan C ce ke karantawa a Cortex-M0+ zai ɗauko bayit ɗaya-ɗaya ya harhaɗa. Asambilinka bai sani ba. `ldr` a adireshin da ba ya kan sahu a M0 ko M0+ HardFault ne nan take, wato kuskuren da ke tsayar da shirin. Cortex-M3 da M4 suna haƙuri da `ldr` da `ldrh` a irin wannan adireshi, amma ba sa haƙuri da `ldm`, `stm`, `ldrd` ko `strd`. A x86 `movaps` na neman sahun bayit 16. `packed` na da wurinsa, wato bayanan da ke tafiya ta waya ko rediyo ko ake ajiyewa a fayil da tsarin da wani ya riga ya yanke. Don asambili ya ji daɗi kuwa, sake jeri da saka cikon da kanka, kamar `uint8_t ciko[3];`, ya fi shi nesa ba kusa ba. Masu Arduino su tuna C++ suke rubutawa: a bar tsarin da asambili zai taɓa ya zama irin na C zalla, babu `virtual`, babu cakuɗa `public` da `private`.

Hanya ta uku ta sashe da takardar linka ce, wato fayil ɗin da ke gaya wa linka inda zai ajiye kowane sashe a memori, kuma tana amsa tambayar da `struct` ba ta amsawa. `struct` na gaya maka nisan abu daga ɗan'uwansa. Ba ta gaya maka inda akwatin kansa zai sauka ba. Wani lokaci kuwa wurin saukar ne ke da muhimmanci. A STM32F407 akwai memori mai 64 KB a adireshin 0x10000000 wanda DMA, mai kwasar bayanai ba tare da jiran umarnin shiri ɗaya-ɗaya ba, ba ta iya kaiwa gare shi, don haka dole ka tabbata ma'ajiyar DMA ba ta faɗa can ba. Idan butloda, wato shirin da ke loda babban shiri, da babban shirin za su bar wa juna saƙo, dole su yarda da adireshi ɗaya. Idan kana son ƙidayar da za ta tsira bayan na'ura ta sake tashi da kanta, avr-libc na da sashen `.noinit` da ba a sharewa, ko da yake idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya abin da ke ciki ya tafi. A irin waɗannan kana yi wa bariyabul alama da `__attribute__((section(".akwati")))`, sannan a takardar linka:

```
.akwati (NOLOAD) : ALIGN(256)
{
    KEEP(*(.akwati))
} > RAM
```

Ƙarfin wannan hanya babba ne, nauyinta ma haka. Sashen da ka ƙirƙira ba ya cikin `.data` ba ya cikin `.bss`, don haka shirin farawa ba zai kwafo masa ƙima ba, ba zai share shi ba. Idan ka rubuta `= 200` a kansa ba ka tanadi mai kwafowa ba, abin da ka tarar a ciki shi ne rabonka. Idan ka manta `KEEP` kuma kana haɗawa da `--gc-sections`, linka na iya zubar da sashen idan bai ga mai kiran sa ba. Idan ka yi alamar a C amma ba ka ambaci sashen a takardar ba, linka zai nema masa wuri da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Kuma idan bariyabul biyu suna sashe ɗaya, jerinsu a ciki ya koma hannun kompaila, mun dawo inda muka fara. Shi ya sa ko a nan nake sa `struct` guda a cikin sashen, ba bariyabul barkatai ba. A Arduino IDE ma sauya takardar linka ba abu ne da aka sauƙaƙa ba. Wasu kompailoli suna da gajeriyar hanya, IAR na da `@` da `#pragma location`, XC8 na Microchip da SDCC suna da `__at`, amma duk wanda ka ɗauka ka ɗaure shirinka a gindinsa.

Akwai buƙatar da ke kama da ta linka amma ba sai an je can ba. Masu haɗa inbata sun san dabarar teburin igiyar wuta mai gurbi 256: idan teburin ya fara a adireshin da 256 ke rabawa, bayit na sama na manuni ba ya motsi, na ƙasa kaɗai ake sauyawa. `__attribute__((aligned(256)))` ko `_Alignas(256)` sun isa. Sai dai a tuna ATmega328P bayit 2048 kacal gare ta na SRAM, daga adireshin 0x0100. Teburin ya ci kashi ɗaya cikin takwas, ramin da sahun zai bari a gabansa kuma na iya kaiwa bayit 255. Teburin da ba ya sauyawa ya fi dacewa da filash mai 32 KB, a karanta shi da `lpm`.

Ta huɗu ita ce ka fitar da asambilin daga cikin C, ka ba shi fayil nasa mai ƙarewa da babban `.S`. Da asambili ya wuce layi ashirin ko talatin, ko ya fara buƙatar rajistoci da yawa da tsalle-tsalle, cusa shi cikin `asm` na zama azaba ga mai karatu. A fayil daban yarjejeniyar a rubuce take: a ARM abubuwa huɗu na farko suna zuwa a r0 zuwa r3, kuma dole ka mayar da r4 zuwa r11 yadda ka same su. A avr-gcc manuni na farko na zuwa a r24 da r25, r1 kuma dole ta koma sifili kafin ka fita. C ta miƙa maka manunin `struct`, ka yi aikinka, ka dawo. Kuɗin da za ka biya shi ne bugun kira da dawowa, da kuma cewa `offsetof` ba ya aiki a can. Kernel ɗin Linux ya warware wannan da fayil mai suna `asm-offsets.c`: kompaila ne ke lissafa tazarorin a lokacin haɗawa, a zuba su a `asm-offsets.h`, asambili ya ɗauka daga nan. Ƙaramin shiri bai buƙatar wannan duka. Rubuta tazarorin da `#define` a fayil ɗin kai guda wanda C da asambili ke karantawa, ka ɓoye abin da na C ne kaɗai a bayan `#ifndef __ASSEMBLER__`, sannan kowace tazara ta samu `_Static_assert` nata. Ga mai rubuta wa Windows da kompailan Microsoft a x64 ko ARM, zaɓin ma bai taso ba, domin `__asm` na cikin C a x86 mai bit 32 kaɗai yake aiki.

Wasu kan juya abin, su ayyana bayanan a cikin asambilin da `.byte` da `.space`, C ta gan su ta `extern`. Jerin na hannunka ɗari bisa ɗari, amma babu mai duba ko abin da ka gaya wa C ya dace da abin da ka shimfiɗa. Na fi yarda da shi ga teburin da asambili kaɗai ke karantawa.

Abu ɗaya da ya ratsa duka hanyoyin: kiran bariyabul da sunansa a cikin rubutun `asm`, kamar `lo8(mataki)` da yaron ya yi. Tunda kompaila ba ya karanta rubutun, bai san kana amfani da sunan ba. Idan `static` ne kuma C ba ta taɓa shi, zai iya jefar da shi. Da `-flto`, wanda Arduino ke kunnawa tare da `-Os` da `-fdata-sections`, yana iya sauya masa suna ko mayar da shi na cikin gida. `__attribute__((used))` na taimakawa, amma miƙa adireshin ta gurbin `"i"(&mataki)` ya fi, domin a nan kompaila ya gani da idonsa.

To wanne za ka ɗauka? Idan umarni kaɗan ne da ƙimomi biyu ko uku, gurabe sun ishe ka, kada ka ƙara komai. Idan asambili na yawo cikin bayanai da yawa masu alaƙa, `struct` da `offsetof` da `_Static_assert`, kuma wannan ne ya fi yawa a aikin da nake gani a nan. Kada ka taɓa takardar linka sai na'urar kanta ko wani shiri daban ne ya tilasta adireshin. Idan asambilin ya yi tsawo, fayil ɗin `.S` tare da `struct` ɗin dai. Kowanne ka ɗauka, duba abin da ya fito: `nm -n` na jera sunaye bisa adireshi, `objdump -d` na nuna umarnin da aka haifa, `-Wl,-Map=fita.map` na ba ka taswirar linka, `pahole` kuma na nuna ramukan ciko. Ka haɗa a `-O0`, ka haɗa a `-Os`, ka ga ko duka suna aiki.

Da yaron nan `avr-nm -n` muka fara. Na sa shi ya haɗa tsohon shirin da sabon, ya ajiye sakamakon gefe da gefe. A tsohon sunaye uku na bin juna da harafin `B` a gabansu. A sabon `iyaka` ya haura sama da harafin `D`, kuma abin da ya zauna a `Z+2` ma'ajiyar lambobin gilashi ce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe nan ta hwaru, Malam." Mun mayar da kwatancen zuwa gurabe, ƙidayar da katsewa ke taɓawa kuma muka tara ta a `struct` guda da layukan tabbatarwa uku a ƙasanta. Bayan la'asar ya ɗaura na'urar a bayan babur ya mayar wa mai gonar.